Robar da Na Liƙa a Bakin Ƙahonsa

Masu karatu, yau laifina zan faɗa muku, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai. Wasunku sun rubuto suna cewa Mai Ƙaho mayaudari ne, in rabu da shi tun da wuri. Wasu kuma sun ce ni ce mai neman magana. To ku ji abin da na aikata da hannuna a satin nan, sai kowa ya yanke hukuncinsa.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida, kuma a shagon Babana nake aiki. Baba mai gyaran kayan busa ne. Shagon ɗaki ne guda dogo a ƙasan wani tsohon bene, tsakanin mai ɗinkin labule da mai sayar da fitilu. Teburin Baba yana bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, nawa yana can ciki ƙarƙashin fitila mai dogon wuya. Shi ke miƙe ƙarfen da ya lotsa, ni ke canza ƙananan fatun da ke toshe ramukan saksofon, wato ƙahon ƙarfen nan mai lanƙwasa na Turawa. Tun ina 'yar shekara sha uku nake wannan aikin. Ban iya busa ba, amma in ƙaho na yoyon iska, ko da kamar numfashin jariri ne, sai kunnena ya kama.

Wata takwas ke nan da Mai Ƙaho ya fara shigowa shagonmu da wani babban saksofon wanda duk ruwan zinarensa ya koɗe. Dogo ne, kullum cikin baƙar jaket ko da ana zafi, ga wushirya, ga murya mai kauri wadda in ya yi sallama sai ka ji kamar an ja tebur. Kiɗan rok, irin na Turawa mai ƙara, yake busawa tare da wasu abokansa huɗu. Yayata ce ta raɗa masa Mai Ƙaho, sunan ya bi shi har Mama ma haka take kiransa. Shi kuma Likita yake ce min, wai ni ce likitar ƙahonsa.

Mama ta daɗe tana min mitar cewa duk sa'o'ina sun yi aure sun bar ni ina shaƙar warin gam. Da farko ba ta son mabushi, amma ranar da ya gyara mata ƙofar kicin ba tare da an sa shi ba, sai ta koma ita ce lauyarsa. Baba kuwa ba mai yawan magana ba ne. Makon jiya ya ajiye gudumarsa ya ce min ranar Juma'a zai tambaye ni sau ɗaya. In na ce eh, iyayen yaron su zo a gana. In na ce a'a, ya daina zama a kujerar shagonmu in ba gyara ya kawo ba.

Da a wannan ranar ya tambaye ni, da eh zan ce tun kafin ya rufe baki. Ranar Asabar ce komai ya dagule.

Kullum da safe Mai Ƙaho yakan turo min busa ta waya, minti ɗaya ko biyu, ya rubuta a ƙasa cewa tawa ce. Ya taɓa zama a kan kujera mai ƙafa uku kusa da teburina ya yi min bayanin dabarunsu. Ya ce ƙahon rok ba shi da ladabi. Akwai raɗa, inda ake sassauta muƙamuƙi har iska ta fi sauti yawa. Akwai lanƙwasa, inda ake sauke haɓa sautin ya zame ƙasa kamar mai ajiyar zuciya. Akwai kaɗa harshe, ƙahon ya yi ta rawar ɗari. Akwai ƙarar sama, wadda maɓallai sun ƙare amma sauti bai ƙare ba, sai dai maƙogwaro da zaman haƙora su kai ka. Sannan akwai gurnani, wanda ya fi so. Ya ce mutum yana busawa yana kuma rera wani sautin a maƙogwaronsa, sautukan biyu su yi ta kokawa a cikin ƙarfen, sai ƙahon ya dishe kamar mai kuka da fushi a lokaci guda.

Bayani kawai ya yi. Bai taɓa busa ko ɗaya a gabana ba. In ya zo karɓar gyara, sauti uku ko huɗu yake fitarwa a hankali, ya ce ya yi, ya rufe akwati. Ni kuma na ɗauka kunyar Baba ce.

Ranar Asabar ɗin ina cin burodi da shayi a teburina sai saƙon ya shigo. Na sa abin sauraro a kunne, irin mai rufe kunne duka. Busar ta fara da raɗa, ta hau a hankali, sai gurnanin ya shigo. Na taɓa jin gurnaninsa sau ba adadi, amma wannan karon wayar tana kusa da wuyan mai busar ƙwarai. A ƙarƙashin dishewar ƙahon na ji muryar da ke rerawa. Siririya ce, can sama, mai zaƙi.

Na ajiye kofin. Na maimaita sau shida. Mutumin da sallamarsa ke girgiza gilashin shagonmu, ta ina wannan murya za ta fito daga wuyansa? Na koma kan tsoffin saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Yanzu da na san abin da nake nema, sai na riƙa jin ta ko'ina, a ɓoye, tana bin kowane gurnani.

Ranar Lahadi Yaya ta zo gida. Na ja ta ɗakina na rufe ƙofa. Tana zaune a bakin gado tana cire 'yan kunne na ɗora mata abin sauraron. Ta lumshe ido, ta ɗan karkata kai, sannan ta cire ta dube ni.

"Auta, wannan ai mace ce."

Na ce ko dai wayar ce ta canza sautin. Ta taɓe baki ta ce waya ba ta mayar da bijimi akuya. Daga nan ta shiga lissafo min: bai taɓa busawa a gabana ba, bai taɓa gayyata ta inda suke atisaye ba, hotunan ƙungiyarsu duk daga nesa ake ɗauka. Ta ce ko dai bai iya ba wata ke busa masa yana yi min burga da aikinta, ko kuma ya iya amma akwai wadda ta saba da shi har take sa bakinta inda yake sa nasa, a ɗakinsa, da sassafe. Ta ce in zaɓi wadda ta fi min sauƙin haɗiya. Sannan ta miƙe ta tafi taya Mama yanka albasa, ta bar ni da wuta a ƙirji.

Da la'asar na rubuta masa: "Wa ya busa ta jiya?"

Ya amsa nan take: "Aljanin da nake haya duk Asabar."

Na rubuta: "Ina son in zo in ga inda kuke atisaye."

Sai da ya yi minti goma sha ɗaya, ina kallon agogon wayar. Sannan: "Ba yanzu ba, Likita. Wurin ba irin naki ba ne."

Ku gaya min, in ku ne me za ku ɗauka? Na san wasu za su ce me ya hana in tambaye shi kai tsaye. Na rubuta tambayar sau uku ina gogewa. Tsoro nake ya yi min wata dariyar ya wuce, ni kuma in yarda don ina son in yarda. Na fi son abin da zan gani da idona, wanda baki ba zai iya juya shi ba.

Ranar Talata ya kawo ƙahon. Ya shigo da fara'a, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce min ranar Alhamis da safe yana da gwaji. Wata babbar ƙungiya ce ke neman mabushi na dindindin, su biyu aka kira, ɗaya za a ɗauka. Ya ce shekara huɗu yana jiran irin wannan dama, kuma in ya samu zai iya tsayawa gaban Baba da ƙafafunsa biyu. Yana so in duba masa komai, kada wata fata ta ba shi kunya. Ya bar akwatin ya ce zai dawo da yamma.

A shagonmu akwai doka guda da Baba ya koya min tun kafin ya ba ni almakashi. Jikin ƙaho namu ne, mu kwance, mu ɗaure, mu canza abin da muka ga dama. Amma bakin ƙaho, wato ɗan guntun da mai busa ke sawa a bakinsa, na mai shi ne. Ba a gogewa, ba a kankarewa, ba a liƙa masa komai sai mai shi ya ce. Baba yakan ce mabushi ya fi sanin wannan guntun fiye da cokalin gidansu, kaurin gashi guda in ya ƙaru zai ji.

Na gama duba fatun cikin awa ɗaya, biyu kawai na canza. Sai na ɗauko bakin ƙahon na juya shi a ƙarƙashin fitila. Na ƙarfe ne, a samansa inda haƙoran sama ke zama akwai 'yar roba siririya mai tauri, fara kamar gilashi. Irin wannan ba ta riƙe shaidar haƙori, sai dai ɗan gogewa. A cikin aljihun teburina kuwa akwai wata irin, baƙa, mai kauri da laushi, wadda muke liƙa wa masu koyo. Ita wannan, kwana ɗaya aka busa da ita, haƙoran mutum za su zauna a kanta raɗau kamar an buga hatimi. Mai Ƙaho yana da wushirya. In haƙora biyu masu tazara kawai na gani, shi ke nan. In na ga wasu ƙanana a jere kusa da su, na samu amsata kafin Juma'a.

Na leƙa wajen Baba. Ya ba ni baya, yana ɗumama wani ƙarfe a wuta. Na sa farce na ɓare siririyar, na jefa ta aljihun tebur, na liƙa baƙar na danne da babban yatsa. Aikin ya fita tsaf. Wallahi a lokacin ban tuna da gwajinsa ba ko kaɗan. Muryar nan kawai nake ji a kaina.

Da yamma ya zo a gurguje, mai jitarsu na jiransa a mota, bai ko buɗe akwatin ba. Bayan awa biyu saƙo ya shigo.

"Likita, kin canza min roba?"

Na zauna a bakin gado da rigar aikina ban cire ba. Na rubuta: "Tsohuwar ta tsage. Wannan ta fi kyau, za ka saba."

"Ina jin ta kamar na ciji katifa. Ƙarar sama tana min gardama."

Nan ne ya kamata in ce ya ɓare ta, ya zo da safe in liƙa masa irin tasa. Yatsana har ya hau kan harafin farko. Sai na tuna da minti goma sha ɗayan nan, na rubuta: "Kar ka cire. Ka ba ta kwana ɗaya."

Ya amsa: "Tunda hannunki ne ya sa, ba zan cire ba."

Ranar Laraba busar safe ta zo kamar kullum. Siririyar muryar tana nan a ƙarƙashin gurnanin. Na ce a raina, madalla, ko wace ce ta ciji robata. Na yini ina aiki kamar inji. Mama ta tambaye ni ko na yanke shawara, na ce tana nan tafe. Ta ce in dai na kori yaron nan to in shirya auren ɗaya daga cikin ƙahonin da ke rataye a bango. Na rubuta masa cewa in ya gama gwaji ya biyo da ƙahon ta shago in ƙara dubawa. Ya ce to.

Ranar Alhamis na sa doguwar rigata mai ruwan toka da farin mayafi, har da ɗan kwalli, kamar mai zuwa karɓar sakamako. Wajen ƙarfe biyu ya shigo. Sallamarsa ta fito a shaƙe. Bai cire jaket ba, bai zauna a kujerarsa ba. Ya ɗora akwatin a teburin Baba, ba nawa ba.

Baba ya tambaye shi yadda aka yi. Ya ba da labari yana kallon ƙasa. Ya ce rabin farko ya tafi daidai, raɗar ta yi, lanƙwasar ta yi, har shugaban ƙungiyar yana gyaɗa kai. A ƙarshen waƙar ne ake so mabushi ya taso daga gurnani ya haura ƙarar sama ya riƙe ta har ganga ta tsaya. Ya haura, sautin ya fashe. Suka ba shi dama ya sake, ya sake fashewa. A karo na uku ya cije da ƙarfi har leɓensa na ƙasa ya yi jini, abin da ya fito kamar an taka wutsiyar kare. Ɗayan mabushin ya tashi ya yi ta a bugu ɗaya. Aka ce masa za a neme shi, irin neman da kowa ya san ma'anarsa.

Ya ce bai zo ƙorafi ba, yana so ne Baba ya duba ko akwai inda ke yoyo can sama.

Baba ya buɗe akwatin. Bai ko taɓa jikin ƙahon ba, idonsa ya sauka kan baƙar robar. Ya ɗaga bakin ƙahon ya tambayi wa ya liƙa wannan. Mai Ƙaho ya yi saurin cewa ni ce, amma ba laifina ba ne, tsohuwar ce ta tsage. Har a lokacin kare ni yake.

Baba ya ce in kawo masa tsohuwar.

Na so in ce na yar. Amma Baba ya san ba na yar da komai sai ranar Asabar. Na jawo aljihun tebur na ɗauko ta na kai masa a tafin hannu. Ya ɗaga ta a hasken ƙofa, ya juya gaba da baya. Lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu. Ya ajiye ta a tebur, ya miƙo min bakin ƙahon.

A nan ne na ƙarasa tona wa kaina asiri. Maimakon in sunkuyar da kai in ba da haƙuri, sai ƙafafuna suka kai ni ƙarƙashin fitilata. Na jawo gilashin ƙara girma na duƙa a kan robar. Ban iya hana kaina ba. Rami biyu ne, manya, da tazara a tsakaninsu. Sun nutse har sun kusa huda robar saboda cizon da ya yi da safe. Na juya ta hagu, na juya ta dama, ina neman ko da ɗigon wani haƙori. Babu.

Da na ɗago, su biyun suna kallona.

"Haƙoran wa kike nema, Auta?" in ji Baba.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Akwai muryar mace a cikin gurnanin."

Mai Ƙaho ya dube ni kamar bai gane yaren ba. Sannan a hankali fuskarsa ta canza, ya kai hannu ya shafa wuyansa.

Baba ya karɓi bakin ƙahon, ya ɓare baƙar robar, ya goge gam ɗin da tsumma. Ya tambayi mai shi ko ya yarda a liƙa sabuwa irin tasa ta da. Sai da ya gyaɗa kai sannan Baba ya liƙa. Ya haɗa ƙahon ya miƙa masa, ya ce ya busa yadda yake busawa a can, ba busar gaida surukai ba.

Ya cire jaket, ya rataya igiyar ƙahon a wuya, ya juya mana gefe. Ya fara da ƙasa, ya taso. Da ya zo gurnanin sai na ga girarsa ta ɗage, hancinsa ya tattare, jijiyar wuyansa ta miƙe, kuma daga wannan ƙaton maƙogwaron siririyar muryar ta fito, ita ce dai, mai zaƙin nan, taku uku daga inda nake tsaye. Ƙahon ya dishe ya cika shagon har ƙananan sukurori na rawa a faranti. Sannan ya haura. Ƙarar ta fita siririya, tsaf, ba ko gargada, ya riƙe ta har mai fitilu ya leƙo ta ƙofa. A bugu ɗaya.

Da ya sauke ƙahon bai dube ni ba. Sai ya yi wa Baba bayani. Ya ce muryarsa ta ainihi ta yi kauri da yawa, in ya rera da ita sai sautin ya cakuɗe ya zama taɓo, shi ya sa wanda ya koya masa ya ce ya riƙa maƙale murya yana rerawa can sama. Abokansa har yau kyanwa suke ce masa a wurin atisaye, suna kwaikwayon fuskarsa. Ya ce bai so in ga wannan fuskar ko in ji ana masa wannan tsiya ba tun kafin a yi maganar manya.

Na ce, "Don Allah ka yi haƙuri."

Ya kwance ƙahon, ya goge shi, ya jera komai a akwati kamar yadda ya saba, bai yi sauri ba. Sai da ya rufe maƙullan biyu sannan ya juyo.

"Zargin ba komai, Likita. Kowa na iya zargi. Amma na gaya miki tana min gardama, kika ce kar in cire."

Ya gaida Baba ya fita. Ban bi shi ba.

Baba bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗauki baƙar robar ya jefa a kwandon shara, ya ce daga yau har sai ya ce, kada in taɓa kayan kowa, in riƙa share shago ina amsa waya. Shekara goma sha uku ina teburin nan, ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. A gida Mama ta ji labari ta riƙe haɓa ta ce ita ba ta san ta haifi ɗan sanda ba. Na kira Yaya, ta ce ita fa abin da kunnenta ya ji ta faɗa, ba ita ta ce in liƙa wa mutum katifa a baki ba. Na tura masa saƙo uku kafin magariba. Duka ya buɗe, bai amsa ko ɗaya ba.

Yau Juma'a. Da hantsi ina share ƙarƙashin teburin Baba sai wayarsa ta yi ƙara. Ya fita waje ya amsa, ya daɗe. Da ya dawo ya zauna, ya cire tabarau ya ce in ajiye tsintsiya. Ya ce ya yi alkawarin tambaya sau ɗaya, ga ta: iyayen yaron su zo, ko kada su zo?

Na ce su zo. Ban taɓa faɗin wata magana da na tabbatar da ita kamar wannan ba.

Baba ya gyaɗa kai. Sannan ya ce wanda ya kira shi yanzu abokin sana'arsa ne, mai gyaran kayan busa a can ɗaya gefen gari, wanda suka yi koyo tare. Ya kira ne yana tambaya ko lafiya, don da safen nan wani dogon yaro mai baƙar jaket ya kai masa saksofon, ya ce a duba masa shi daga sama har ƙasa, musamman fatu biyun da aka canza ranar Talata. Mutumin ya gane ɗaurin shagonmu da gani ɗaya.

Ku da ba ku cikin sana'ar nan ba lallai ku gane ba. Mabushi yakan canza gida, ya canza ƙungiya, amma ba ya canza mai gyara sai in ya daina yarda da hannun.

"Amsarki na ji," in ji Baba. "Tasa ce yanzu ban sani ba."

Na tambaye shi ƙarfe nawa aka ce Mai Ƙaho ya koma ya karɓa. Ya dube ni ta ƙasan ido ya daɗe, sannan ya ce huɗu. Ya mayar da tabaransa ya ɗauki guduma, bai ce in je ba, bai ce kada in je ba.

Yanzu uku saura kwata. Ina rubuta muku wannan ne a kujerar baya ta bas, mayafina duk ƙurar shago, ban ko tsaya wanke hannu ba. Ban shirya abin da zan ce masa ba. Abin da na sani kawai, in ya zo karɓar ƙahonsa zai tarar da ni a bakin ƙofar shagon, kuma duk tambayar da zai yi min, a fili zan amsa.